Wane irin aisofod zan zuba wa kwaɗina, kuma za su riƙe su idan na yi tafiya?

Bakatsinen_Dortmund

Assalamu alaikum jama'ar gida. Don Allah masu kiwon 'yan kwaɗin nan masu launi na Kudancin Amurka ku taimaka min, kaina ya ɗaure. Na haɗa tankin gilashi santimita 45 da 45, tsayinsa 60, na bi komai yadda ake faɗa, ƙwallayen yumɓu a can ƙasa saboda ruwa ya samu wurin kwanciya, raga a kai, sai ƙasar shuka, na dasa buromeliya uku da gansakuka na jingina wani icce. A watan Maris na je Terraristika, kasuwar dabbobin nan da ke ci a Hamm, daga nan ba nisa a jirgin ƙasa, na sayo kwaɗin da ake kira tinctorius guda biyu, shuɗayen nan da ake ce wa azureus, da roba ɗaya ta fararen aisofod ƙanana, 'yan halittun nan masu ƙafafu da yawa da ke cinye dattin tanki, da roba ɗaya ta sifirintel, wasu mitsi-mitsin ƙwari masu cin fumfuna. Ina dawowa gida zumuɗi ya hana ni haƙuri, na juye su gaba ɗaya, kwaɗi da ƙwari rana ɗaya.

To yau sati biyar kenan ko aisofod ɗaya ban ƙara sa wa ido ba. Kwana biyun farko ina kallo babban cikinsu ya zauna gindin iccen yana ɗauke su ɗai-ɗai da harshe kamar mai cin gyaɗa, tun daga nan shiru. Ga fumfuna fara ta fito a jikin iccen, ga kashin kwaɗin a kan ganye ba abin da ke taɓa shi.

Wani abokin aikina Bajamushe yana kiwon manyan nan masu ɗigon fari da baƙi kamar saniya, Porcellio laevis, ya ce in zo in ɗiba kyauta sun yi masa yawa. Ɗakin ajiyarmu na ƙasa kuma in ka ɗaga kwali ga wasu nan ruwan toka birjik, su ma ba ko sisi. In zuba irin waɗannan ne tunda manya ne kwaɗo ba zai iya haɗiye su ba? Sai ta biyu wadda ta fi damuna, za mu je gida babbar sallah ni da iyali, sati uku za mu yi, shin in tankin ya cika da aisofod za su riƙe kwaɗin har mu dawo ba sai an ba su 'yan ƙudajen 'ya'yan itace da ake kiwo musu ba? Don gaskiya ina jin nauyin roƙon wani ya riƙa zuwa gidana yana kaɗa wa kwaɗo ƙuda.

Kawu_Mai_Tanki

Wa'alaikumus salam ƙanena. Kafin komai kar ka karɓi shanun nan na abokinka, ka yi masa godiya kawai. Zan dawo kansu.

Ni ina ganin fararen naka ba su ƙare ba. Trichorhina tomentosa ke nan sunansu, babbansu bai wuce milimita 3 zuwa 4 ba, kuma ba 'yan yawo ba ne, cikin ƙasa suke zama, wanda duk ya fito sarari da rana shi ne kwaɗo ke ɗaukewa. Ga yadda za ka gane, ka yanka kokwamba ko karas siriri ka sa a kusurwa ka rufe da busasshen ganye, bayan an kashe fitila da awa biyu ko uku ka zo da tocilan waya ka ɗaga a hankali. In akwai su za ka gan su manne a ƙasan yankan kamar an barbaɗa gari. Abin daɗi da wannan iri shi ne duk mata ne, ba sa buƙatar namiji, kowace ɗaya haihuwa take da kanta, don haka ko goma suka tsira za su iya cika tankin, lokaci kawai suke so da wurin ɓuya.

Wurin ɓuyan nan shi ne ban ji ka ambata ba. Ka lissafa yumɓu, raga, ƙasa, gansakuka, ina busasshen ganye? In ƙasar tankinka a fili take ko gansakuka ce kawai shimfiɗe kamar kafet to ka yi wa kwaɗi faranti ne. Ganyen nan shi ne gidansu kuma shi ne tuwonsu, ka zuba shi da kauri, ya kai kamar yatsu biyu ko uku, har ka daina ganin ƙasa. Na itacen ok ko na magnoliya, ko kuma ka je shagon masu kifin ado ka ce a ba ka Seemandelbaum, za ka yi dariya in ka gan shi don ganyen almon ɗin nan ne mai faɗi da muke fasa ƙwallonsa da dutse muna yara, a nan an sa shi a leda ana sayarwa. Na magnoliya ya fi daɗewa bai ruɓe ba, na ok ya fi saurin cinyewa, ni haɗa su nake. In daga waje ka tsinto, inda ba a feshi, ka tafasa shi ko ka gasa a obin kafin ya shiga, in ba haka ba wata rana za ka wayi gari da dodon koɗi ko shanshani a ciki kuma fitar da su sai an yi da gaske.

Yadda ake yi tun farko, a zuba ƙwarin a bar su sati huɗu ko fiye su kafa gida kafin kwaɗo ya shigo. Kai ka riga ka haɗa su, ba laifi, kusan dukkanmu mun yi wannan zumuɗin. Ka sayi wata robar, ka raba biyu, rabi ka tona ƙasa ka zuba da daddare bayan kwaɗin sun shige kwana ka rufe da ganye, rabi kuma ka ajiye a waje ka riƙa kiwo.

Fumfunar jikin icce kuma kar ta tayar maka da hankali, kowane sabon tanki sai ya yi ta, kuma wannan aikin sifirintel ne fiye da aisofod. Su aisofod nasu ruɓaɓɓen ganye ne da mataccen ƙuda da kashi da duk wani abu da ya faɗo ƙasa, sifirintel su bi bayansu su share fumfuna. Kashin da ke saman ganyen shuka ko jikin gilashi ba wanda zai hau ya ɗauko maka, ka fesa ruwa ya wanko shi ƙasa inda 'yan sharar suke.

To shanu. Na taɓa zuba su a tankin kwaɗina irin auratus a nan Utrecht da irin tunaninka, wai manya ne ba za a cinye su ba. Gaskiya ne ba a cinye su ba, su ne suka koma ci. Laevis yana kai kusan santimita 2, ga haihuwa kamar me, ga kwaɗayin nama. Cikin wata uku suka cinye ganyen da nake yin rabin shekara da shi, suka koma kan gansakuka da jijiyar wata 'yar shuka da na sha wahalar samu. Abin da ya sa na haƙura da su, wata safiya na ɗaga ɓawon kwakwar da kwaɗin ke yin ƙwai a ƙarƙashinsa, na tarar da guda huɗu a cikin farantin sun kewaye ƙwan suna ci. Sai da na kwashe ƙasar tankin gaba ɗaya na sake sabuwa, saboda ko ka tsince manyan 'ya'yan na nan a ciki. Suna da kyau a nasu akwatin, ko wurin mai babban ƙadangare, ba wurin kwaɗon da tsawonsa bai wuce santimita 4 ko 5 ba.

Dan_Kurmi

Tab di jam. Wato ku mutanen Turai har kwado kuke saya da kudi, sannan ku sayo masa kwari, sannan ku sayo wa kwarin ganye hhhh. Mu nan da damina kyauta suke hana mu barci. Amma tsakani da Allah na ga hotonsu suna da kyau kamar an yi musu fenti. Tambayata ba su da hadari ne da yara a gida tunda an ce dafi gare su? Kuma in mutum yana so zai iya ajiye su a nan Kano?

Maman_Ilham

Salam. Kawu ya gama magana a kan shanu, ban da abin ƙarawa. Amma na ɗakin ajiyar nan da ya tsallake su nake so in yi magana a kai, don na san halin mutanenmu da abin kyauta.

Ruwan tokan nan galibi Porcellio scaber ne, Jamusawa ma sunan ɗakin ƙasa suka sa musu. Ba wai su kansu mugaye ba ne, ana kiwon su har da masu ruwan lemo, amma na ɗakin ajiya ba ka san me suka taka ba, ko mai gida ya taɓa sa maganin kyankyaso ko na ɓera a wurin, kuma shi kwaɗo ta fatarsa yake shan ruwa yake ɗan numfashi, abin da ba zai yi wa mage komai ba shi zai iya kashe shi. Ga kuma cuta. Akwai naman gwarin nan kaitirid da aka ba wa suna a 1999 wanda ya ƙarar da kwaɗi masu yawa a Tsakiyar Amurka da Ostareliya, sannan akwai ɗan uwansa da aka gano a Holand a 2013 yana kashe salamanda, dangin kwaɗon nan mai wutsiya kamar ƙadangare, kuma yankinku na Ruhr na cikin inda ya ɓulla. Ƙasa mai danshi daga waje ita ce motar irin waɗannan abubuwa. Roba ɗaya ta fararen nan daga hannun mai kiwo kuɗinta bai kai na shawarma biyu ba, ina dalilin kasada.

Inda na ɗan saɓa da Kawu, ni ban tsaya kan farare kaɗai ba. A tankunan tinctorius ɗina ina haɗa su da Porcellionides pruinosus, waɗanda jikinsu kamar an shafa musu hoda, akwai shuɗi akwai ruwan lemo. Kamar santimita 1 suke, jikinsu da laushi, ga gudu, kuma su a saman ganye suke aiki ba cikin ƙasa ba, to sai aikin ya rabu. Manyan sun fi ƙarfin bakin kwaɗo su ci gaba da haihuwa, 'ya'yan kuma kwaɗin su riƙa tsinta, sai yawansu ya tsaya daidai. Amma wannan a tankin manyan kwaɗi masu ci ne irin naka. A na Ranitomeya, 'yan ƙananan kwaɗin nan na Peru da ba su wuce farcen babban yatsa ba, farare kawai nake sawa da sifirintel, wani lokacin da Nagurus cristatus mai zane a baya, shi ma ƙarami ne kuma shi ma mata zalla. Masu dunƙulewa kamar ƙwallo kuwa, Armadillidium, ɓawonsu ya yi tauri kuma sun fi son wuri mai iska da ɗan bushewa, tankin da laimarsa ke kashi 80 cikin ɗari zuwa sama ba nasu ba ne. Su Cubaris masu fuskar agwagwa na Tailan da ake ta yayi kar ma ka fara, tsada gare su ga jinkirin haihuwa, ka sa su ka zama ka saya wa kwaɗo suya mafi tsada a Jamus.

Batun abinci kuma. Mutane na cewa aisofod na da kalsiyam, gaskiya ne, don su ba ƙwari ba ne irin su ƙuda, dangin kaguwa da jatan lande ne, ƙafa goma sha huɗu gare su, ɓawonsu akwai sinadarin alli a ciki. Shi ya sa ma suke mutuwa in wuri ya bushe, abin numfashinsu a ƙarƙashin ciki yake sai da danshi. Amma kalsiyam kaɗai ba ya riƙe kwaɗo, yana buƙatar bitamin D3 kafin jikinsa ya amfana da shi, yana buƙatar bitamin A, kuma waɗannan daga hodar da kake barbaɗa wa ƙudaje suke zuwa, irin su Repashy Calcium Plus ko Dendrocare. Kwaɗon da ya rasa bitamin A za ka ga yana harba harshe yana kuskure ko ƙudan ya ƙi mannewa, ƙwansa ma ya riƙa lalacewa. Hodar nan kuma in ka buɗe ta wata shida ka canza ko ba ta ƙare ba. Ƙudaje su ne tuwo, melanogaster ko hydei manyan, tinctorius na cin duka. Aisofod ƙwalama ce tsakanin abinci.

Kiwon na waje ba wuya. Robar ayis kirim mai murfi, ka huda 'yan ƙananan ramuka, ƙasar kwakwa mai danshi kamar yatsu uku, ganye, guntun ɓawon icce ko kwali a kai, ɗan garin ɓawon ƙwai ko ƙashin kifin nan da ake sa wa tsuntsaye a keji. Abinci ɗan kaɗan, abincin kifi ko yankan karas, in bai ƙare a kwana biyu ba ka cire, yawan abinci shi ke jawo ƙananan kaska su mamaye robar. Farare na son ɗumi, kamar digiri 24 zuwa 26, a ɗaki mai sanyi sai ka ga kamar ba sa motsi. In za ka ɗiba ɗaga kwalin kawai za ka yi ka kaɗe a tanki. Kuma in ka ga wani rabinsa fari rabinsa duhu ba ciwo ba ne, saɓa yake, su rabi-rabi suke yi, na baya tukuna sannan na gaba. Ilham ranar da ta fara gani da kuka ta zo wai ɗaya ya karye.

Bakatsinen_Dortmund

Allah ya saka da alheri Kawu, Maman Ilham na gode ƙwarai. Wallahi ganye ko ɗaya ban sa ba, ni ina ganin zai ɓata kyan gansakukar ne, ashe ni na yi musu tsirara. Na ɗakin ajiya na bar su inda suke. To batun tafiyar fa, ke nan ba dabara?

Kawu_Mai_Tanki

Sati uku ya yi yawa ƙanena, kar ka yaudari kanka. Kwaɗo babba mai ƙiba a tankin da ya shekara ya cika da ƙwari zai yi sati ɗaya ba abin da zai same shi, ni ma ina yi. Naka tankin jariri ne, kwaɗin ma ina jin ba su gama girma ba, tinctorius biyu in yunwa ta kama su cikin 'yan kwanaki za su share duk abin da ke motsi a sama, ka dawo ka tarar ba 'yan shara kuma kwaɗi sun rame.

Abokin nan naka mai shanu, ai shi ne mutuminka. Wanda ke kiwon aisofod don sha'awa ba zai ji ƙyamar ƙuda ba. Ka roƙe shi sau biyu a sati, ka nuna masa da hannunka sau ɗaya kafin ka tafi, yadda ake buga robar a ƙasa ƙudajen su zube kafin a buɗe, a kaɗa a kofi, a sa hoda a girgiza, a juye. Ka haɗa sababbin robobin ƙuda biyu, ɗaya sati biyu kafin tafiya ɗaya ana jibi za ku tashi, don melanogaster kamar sati biyu yake ɗauka kafin ya fara fitowa sosai, hydei ya fi haka jinkiri. Wata dabarar kuma ka sa ƙaramar robar ƙuda a cikin tankin ka huda murfin su riƙa fitowa kaɗan-kaɗan, da yankan ayaba a gefe su taru a kai, amma wannan taimako ne kawai tunda ba hoda a jikinsu.

Ni abin da ya fi ba ni tsoro ma ba yunwa ba ce, zafi ne da bushewa. In a saman bene kake ƙarƙashin rufi ka san yadda ɗakunan nan ke zama in rani ya shigo kuma tagogi a rufe. Su kwaɗin digiri 22 zuwa 26 suke so, in ya haura 28 ya daɗe an shiga matsala. Ka matsar da tankin ɗakin da ya fi sanyi nesa da taga, fitila a kan taima mai kunna ta da kashe ta da kanta, in ba ka da injin feshi abokin ya fesa duk zuwa. Ka kawo masa kilishi in an bari ka shigo da shi, in ba a bari ba ka kawo hula.

Maman Ilham, masu hodar nan na yarda a tankin tinctorius, amma ni sun taɓa fin ƙarfin farare a wani tanki nawa har na daina ganin fararen, shi ya sa na ce ya fara da iri ɗaya ya ga kamun ludayinsa.

Ɗan Kurmi, dafin ba a jikinsu ake haifarsa ba, daga abincin daji suke tara shi, tururuwa da ƙananan kaska da wasu ƙwari na can. Wanda aka ƙyanƙyashe a tanki yana cin ƙuda ba shi da shi. Ko a dajin ma iri uku ne kawai na dangin Phyllobates aka san ana shafa wa kibiya, a Kolombiya, mafi tsananinsu terribilis, mutanen Embera ke goga tsinin a bayansa. Duk da haka ba a wasa da su a hannu, don kare su ne ma fiye da kare kai. Kano kuwa ka rufa wa kanka asiri, watan Afrilu ana 40 a inuwa, a ɗauke wuta awa uku na rana ka dawo ka tarar da farfesu.

Maman_Ilham

Kawu kilishi ba ya shiga Turai, a filin jirgi za a karɓe, hular dai. Kuma na yarda ya fara da farare, masu hoda sa biyo baya in ya dawo.

Bakatsinen_Dortmund

Jama'a na dawo da labari. Jiya na sa kokwamba kamar yadda Kawu ya ce, ƙarfe goma sha biyu na dare na zo da tocila ina ɗagawa, na ƙirga bakwai, uku ƙanana sosai da ƙyar ake ganinsu, ke nan har sun haihu a ciki ban sani ba. Na sayo ganyen almon leda biyu na zuba, kwaɗin ma yau tun safe suna ta kutsawa ƙarƙashinsa suna farauta, da can a gindin icce kawai suke wuni. Abokina ya yarda zai riƙa zuwa Talata da Asabar, har ya ce zai riƙe min robar fararen a gidansa. Maman Ilham, sifirintel ɗin fa, a gawayi ake kiwonsu kamar yadda na gani a robar da na sayo, gawayin gashin nama na kanti zai yi ko sai wani na daban?

Maman_Ilham

Zai yi in na icce ne zalla, guntu-guntu, ba dunƙulallen nan da ake haɗawa da sinadarin kunna wuta ba. Ka wanke shi, ka farfasa, ruwa kamar yatsa ɗaya a ƙasan robar, ka barbaɗa yis ɗan kaɗan ko ƙwayar shinkafa uku. Ranar ɗiba ka ƙara ruwa su taso sama ka tsiyaye a tanki.